Sista Hajo da Ƙarfen Cikin Kaka

Abin da na fara lura da shi a gidan Sista Hajo a Ƙaura shi ne fararen fo guda shida a kife bisa katangar rijiya, an wanke su tas suna shan rana. Na duba tsakar gidan, ban ga takalmin yaro ba, ban ga zanen goyo a igiya ba. Tsohuwa ce ita kaɗai da akuyarta. Ban tambaya ba.

Mu uku muka zo daga Dauran: ni, da Baffa Lawali yayan babana, da 'yarsa Yaya Hafsa mai karatun aikin lafiya. Ni an ɗauko ni ne don in riƙe zabi biyu da aka kawo wa Sista. Kakanmu, Malam Ɗahiru, kwanansa goma da dawowa daga babban asibitin birni. Wani tsiro ne ya danne masa hanyar da ɗaci ke bi daga hanta zuwa hanji, idonsa ya yi rawaya, ya yi ta susa har ya kekketa fatar hannunsa. Likitoci suka sa masa 'yar ragar ƙarfe a cikin hanyar don ta buɗe. Ranar sallama wata ma'aikaciya ta rubuta sunan Sista Hajo a bayan kati, ta ce wa Baffa kada ya kwana biyu bai neme ta ba.

Sista Hajo gajeriya ce, tabarau ɗinta ɗaure da zare a kunne ɗaya, da ƙaramin agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Ta karanta katin gaba da baya.

"Kwana goma," in ji ta. "Halan jaki kunka hawo?"

Baffa ya ce aikin gona ne ya riƙe shi.

"Wa ke duba bayan gidan tsohon?"

Baffa ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Yaya Hafsa ta yi murmushi ta ce, "Ai Sista mun yi shi a makaranta. In an ga baƙi, jini ne. Wannan ba wani aiki ba ne."

Sista ta cire tabarau ta ajiye bisa cinya. Abin da ta faɗa daga nan na rubuta shi a bayan littafina na lissafi da muka koma gida, kafin ya ɓace mini.

"Ba wani aiki ba ne," ta maimaita. "To saurara, ɗiyata. Ni da tasar kashi na fara. Wata shida ba a bar ni na taɓa allura ba. Matiron ɗinmu wata doguwar tsohuwa ce, ba ta dariya. Dokarta guda: kafin ki zubar, ki zo ki gaya mini abin da kinka gani. Kala, kauri, wari. Wata safiya na ɗauko ta wani dattijo, na kau da kai, na zubar, na ɗauraye. Ta tare ni bakin ƙofa ta ce me kinka gani? Na ce lafiya lau. Kafin azahar mutumin ya faɗi. Ba ta zage ni ba. Kai ni ta yi bakin gadon, ta ɗaga tafin hannunsa fari fat ta ce, wagga wasiƙa ce jikinsa ya aiko da safe, ke kinka zubar ba ki karanta ba. Daga ran nan ban sake kau da kai ba.

"Sai can ƙarshen aikina anka kai ni ɗakin hangen ciki, inda anka yi wa kakanku nashi. Baƙin tiyo ne mai fitila da ido a baki, ana zura shi ta bakin mutum har farkon hanji. Likita na riƙe da tiyo, ni ina riƙe da waya siririya awa tsinken tsintsiya, doguwa ta fi ni sau biyu. In hannuna ya motsa da faɗin farce, waya ta fice daga hanya, a koma farko. Ga rigar dalma bisa kafaɗa saboda hasken hoto, nauyinta awa kin goya ɗan shekara biyu. Ƙarfen yana zuwa a naɗe cikin kube. Ni ke jan kuben, sannu-sannu, likita na kallon allo yana cewa ƙara, tsaya, ƙara. In kin yi gaggawa ya zauna inda ba a so, kuma irin wanda ba a lulluɓe shi da roba ba, in ya zauna ya zauna ke nan. In an gama, likita ya wanke hannu. Ni in tsaya da burushi ina wanke cikin tiyon rami-rami, don mai zuwa na gaba ɗan wani ne."

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, ta zazzago wani abu a tafin hannunta. Tsawon yatsa ne, saƙaƙƙe kamar ragar kamun kifi, yana ƙyalli. Ta ce wanda ya lalace ne tun a kwali, aka bar mata. Ta miƙa wa Yaya Hafsa, ita kuma ta juya shi sau ɗaya ta miƙo mini. Na matse shi, ya koma yadda yake da na saki. Na shafa bakinsa, sai na ji ƙananan wayoyin sun ɗan buɗe waje, suna kartar yatsa. Na ga Sista ta kalle ni lokacin.

"Rabin awa ake sa shi," ta ci gaba. "Kowa ya yi murna, ido ya washe, tsoho ya nemi tuwo. Amma ƙarfe ba ya hutawa. Jijiyar jinin hanta tana kwance jikin hanyar, katanga ɗaya ta raba su. Kowane numfashi, ƙarfe na gugar katangar. Ga mafi yawan mutane ba ya cim mata har abada. Ga wasu kuma, bayan sati uku, bayan wata uku, sai ta ɓule. Wani sa'in bakin ƙarfen ne ke cin jikin hanji, wani sa'in tsiron kansa ne. Jinin ba ya fitowa inda za a gan shi a yi salati. Ciki yake bi, ya dahu, ya fita baƙi, ya faɗa masai. Masai kuwa ba ya ba da labari.

"Akwai wani Alhaji a Shinkafi mai sayar da buhuna. Ni na ja mashi kube da hannuna. Ya warke har ya koma rumfa. Wata biyu, baya ya dame shi, ya aika kemis anka kawo mashi ƙwayar ciwon jiki, irin wadda ke hana jini daskarewa, yana sha safe da yamma. Ɗiya maza uku gare shi, duk masu ilimi, ɗaya ma malamin makaranta. Ba wanda ya tambaye shi yadda bayan gidansa yake. Ya faɗi wurin alwalar la'asar. Da na je gaisuwa, matarsa ta ja ni gefe ta ce kwana huɗu tana jin wani wari in ya fito daga makewayi. Na ce don me ba ki yi magana ba? Ta ce Sista, ana tambayar maigida wanga abu? Ba ƙarfe ya kashe Alhaji ba. Kunya ce. Kunya abu ce mai kyau, ni ma da ita anka rene ni, amma na ga gawarwakin da ta yi.

"Sai wata tsohuwa a Gurbin Bore. Ita idonta ne ya sake yin rawaya, don gudan jini ya toshe ƙarfen. Mutanen gida sunka ce shawara ta dawo, anka jiƙa mata saiwoyi. Da baƙin ya fara fita sunka yi murna, wai magani ya kama, ciwo na fita. Jikanyarta ce, 'yar shekara tara, ta ɗauki wayar uwarta ta kira ni ta ce, Sista, kashin tsohuwar nan ya zama kwalta, kuma ta hana ni faɗi. Munka kai ta birni, anka bi ta jijiyar cinya anka toshe inda ke zuba. Ta ƙara cin sabon gero sau biyu kafin ta cika. Nan na gane abin da shekara talatin ba su koya mini ba. Ɗa ba ya tambaya. Suruka ba ta ko ɗaga ido. Mata tana sani ta yi shiru. Jika kaɗai ke shiga ɗakin tsoho ba sallama, ya ja mashi gemu, ya ce ka cika wari. Tun ran nan, gidan da anka sa wa mutum ƙarfe, cewa nake ku kawo mini jika.

"Shekarar da anka rufe layin waya ita ce baƙar shekarata. Na riga na aje aiki na dawo Ƙaura, ina da mutum biyar masu ƙarfe tsakanin Sakajiki, Zurmi da Shinkafi, kowane da jikansa da lambata. Rana ɗaya duk wayoyi sunka mutu. Kasuwanni a rufe, mai ya yi wuya, hanya kuwa kun san yadda take. Na koma bin su da ƙafata, ranar da na samu motar itace in hau, ranar da ban samu ba in taka. Jikan na Sakajiki ya ga baƙin tun ran Talata, bai samu mai kawo saƙo ba sai Jumma'a. Uku na rasa. Bayan nan wani mai babbar riga ya zo har nan inda kuke zaune, ya ce in daina yawo, na yi ritaya, ba ni da hurumi. Na ce mashi takardata ce ta yi ritaya, hancina bai yi ba. Allura ba na yi, magani ba na rubutawa. Dubawa nake koya wa yara, in akwai dokar da ta hana dubawa ka karanta mini ita. Ya sha ruwa ya tafi. Fo ɗin da kuke gani bisa rijiya, na waɗanda sunka riga mu ne. In an yi sadakar bakwai a dawo mini da abina."

Baffa ya ce to ga Hafsa, ai ita ma jika ce.

"Jibi za ta koma makaranta, kuma ta riga ta iya," in ji Sista. Ta juyo. "Ke mai zabi. Ya sunanki?"

"Ruƙayya."

"Idon kakanki ya yake yau da safe?"

Na ce da can kamar ruwan gangamau yake, yanzu ya koma kamar man shanu, sai dai gefen na hagu wajen hanci bai gama washewa ba.

"Me yake kiranki?"

Na rufe fuska da mayafi. "Amarya."

"To amarya ba ta ƙyamar ango. Taso."

Ta koya mini abu uku a bakin rijiya. Na farko fo: fari ne don kada kala ta ɓoye. Ta ce Kaka yana shan ƙwayar ƙarin jini, ita ma tana baƙanta bayan gida, amma nata baƙi-kore ne, a daskare, warinsa na kullum. Na jini kuwa danƙo ne mai sheƙi, warinsa daban. In na yi shakka in zuba ruwan buta a gefe in karkata fo ɗin, wani lokaci ja yakan biyo ruwan, amma ko bai biyo ba in kira ta. Na biyu in ja fatar idonsa ta ƙasa in duba ciki, in buɗe tafin hannunsa kusa da nawa. Na uku ta ɗora yatsuna biyu a wuyan hannunta ta sa na ƙirga minti ɗaya cur, sau huɗu, har lissafinmu ya zo ɗaya. Ta haɗa da cewa ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko zazzaɓi, ko rawayar ido, duk in kira. Kuma kada kowa ya ba shi ƙwayar ciwon jiki, ko da limamin gari ne ya kawo.

Ta ba ni fo ɗaya muka koma gida da shi. Da Kaka ya gan shi sai ya ɗauki sandarsa.

"Ni? Ni da na aurar da ɗiya goma sha ɗaya, a aza ni bisa wanga awa jinjiri? Fita da shi!"

Ban taɓa rama wasansa ba, kullum gudu nake. Na ce, "Ango, in ba ka zauna ba na fasa auren. Dama ba haƙora gare ka ba."

Ya tsaya da sanda a sama. Sai ya fashe da dariya har ya dafe ciki. "Ashe kina da baki! Aje shi bayan ƙofa, munafuka. Amma in kin faɗa ma kowa, na ƙara aure."

Kwana ashirin da shida muka yi haka cikin dogon hutu. Da hantsi ya buga sanda a ƙofa sau biyu, in shiga in ɗauka in rufe da faifai, in duba a bayan rumbu, in wanke da toka da sabulu. Mata suna kau da kai idan na wuce. Ina rubuta kala da bugun hannu a littafi. Bugunsa bai taɓa wuce tamanin da huɗu ba.

A rana ta ashirin da huɗu ya ce gefensa na dama yana suka. Na kira Sista, ta ce a kawo shi a duba. Baffa ya ce a bari sai ranar kasuwa da motoci ke tafiya a jere saboda 'yan bindiga, kuma a yinin nan ya kawo jiƙo a galan daga wurin wani mai magani. A rana ta ashirin da shida, kafin in ɗaga faifai warin ya gaya mini. Danƙo ne, yana sheƙi. Cikin idon Kaka ya yi fari kamar na rago, tafinsa kusa da nawa kamar ba jininmu ɗaya ba. Bugu ɗari da sha takwas. Na sake ƙirgawa, ɗari da ashirin.

Baffa yana zaure da maƙwabta uku, sun jingine fartanyu suna jiran yayyafi ya tsaya. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa a hankali.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ai mai maganin ya ce za a ga haka. Dattin ciki ne ke fita."

"Baffa, jini ne."

"Ke likita ce? Kwana nawa kinka yi duniya? Hanyar nan yau ba a binta don wasan yara. Koma cikin gida."

Na koma cikin gida. Na ɗauko fo ɗin da buta, na dawo, na wuce bakin ƙofa inda mata ke tsayawa, na ajiye shi a tsakiyar tabarmar maza. Ɗaya ya yi salati ya miƙe. Baffa ya daka mini tsawar da ban taɓa jin irinta ba. Na ɗaga faifan, na zuba ruwa a gefe, na karkata. Ja ya biyo ruwan a kan farin roba, siriri, kowa yana gani.

Tsohon cikinsu, wanda mahauci ne a da, ya toshe hanci ya leƙa. "Lawali, wanga warin na san shi. Nemo mota."

Muka isa Ƙaura bayan azahar, Kaka kwance a kujerar baya, kansa a cinyata. Sista Hajo, wadda na kira tun muna hanya, tana tsaye a ƙofar asibiti da lema, ta riga ta yi magana da likitan da ke aiki. Aka sa masa ruwa a hannu biyu. Likita ya ce dole a wuce da shi birni a toshe inda ke zuba, amma da jinin da ya rage masa ba zai kai ba, sai an ƙara masa tukuna, kuma irin nasa babu a ajiye. Na miƙa hannuna. Mai gwaji ya tambayi shekaruna, na ce sha shida, ya dubi jikina ya girgiza kai. Aka gwada direba, bai yi daidai ba. Aka gwada Baffa, ya yi daidai.

Da aka shirya gado da leda sai aka nemi Baffa aka rasa. Direba ya ce yana waje gindin dalbejiya. Wai Baffa ya ce noman gona bai ƙare ba, shi kaɗai ne namiji a gida tunda babana yana kudu, kuma ya san wani a Zurmi da ya ba da jini bai sake ɗaga fartanya ba.

Sista ta duba agogon ƙirjinta. "Na gaya mashi jini na dawowa, ƙarfinsa ma cikin 'yan kwanaki ne. Sau biyu na faɗa. Ya ji, tsoro ne, kuma ni baƙuwa ce gare shi." Ta ɗora yatsu a wuyan hannun Kaka, ba ta ƙara kallon kowa ba.

Kaka ya buɗe ido kaɗan. "Amarya, ina Lawali?"

Na ce yana zuwa.

Na same shi zaune a kan saiwa, ya cire hula yana murza ta, audugar gwajin tana manne a yatsansa. Ruwa na ɗiga daga ganye a kafaɗarsa bai matsa ba. Mutane suna wucewa. Na durƙusa a cikin taɓo yadda nake gaishe shi kowace safiya, sai dai wannan karon na ɗaga kai na dube shi.

"Baffa, sun ce nawa bai isa ba, da ban zo ba. Gonar ni da ƙannena za mu nome ta, ko makaranta ta buɗe ba na komawa sai an gama. Kaka na tambayarka, kuma na ce mashi kana zuwa. Don Allah ka taso ka ba su hannunka."